Yadda muka canza wa Ummi makaranta

Ummi ita ce ta uku a ɗakina, kuma ba ta ji. Ba haka aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya kama ta a bazarar 2017, shekarar da annobar ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, tana da shekara biyu da 'yan watanni, ta fara haɗa kalmomi ke nan. Allah ya tashi kafaɗunta, muka baro asibiti muna hamdala, don cikin waɗanda muka yi jinya tare akwai waɗanda suka koma gida da zanen goyo kaɗai. Sai daga baya muka lura ana kiranta ba ta waiwayowa, kwano ya faɗi a bayanta ba ta razana. 'Yan kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare.

A Asibitin Malam Aminu Kano aka yi mata gwajin ji. Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla: hirar da mutane ke yi ta yau da kullum tana kusan desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti, ita kuwa Ummi sai ƙara ta haura 90 kafin wani abu ya isa gare ta, a kunnuwan duka biyu. Ya ce ɓarnar tana can ciki ne, inda sauti ke zama saƙon da ke tafiya ƙwaƙwalwa, don haka ba wankin kunne ko ɗigon magani da zai dawo da shi. Akwai na'urar da ake dasawa ta hanyar tiyata, amma kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma bayan sanƙarau wurin da ake dasa ta yakan rikiɗe ya zama ƙashi in an daɗe. Wannan ya fi ƙarfinmu. Muka saya mata na'urar ƙara ji ta maƙalawa a kunne. Tana jin rugugin babbar mota da ita, tana jin an buga ƙofa, amma magana ba ta fito mata.

Da ta isa shiga makaranta muka kai ta inda yayyenta suke, wata makarantar kuɗi a unguwarmu, wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Ba mu yi dogon tunani ba. Tafiyar ƙafa ce, yayarta na riƙe da hannunta, malaman sun san mu, kuma kowa ya ce mana gara ta tashi cikin masu ji, ta haka bakinta zai buɗe. Mutanen kirki ne a makarantar nan, wannan zan faɗa ko'ina. Ba a taɓa dukanta ba, ba a bar yara sun tsokane ta ba, kujerar gaba aka ba ta. Duk shekara ana ciyar da ita aji na gaba. Rubutunta kuwa abin kallo ne, ya fi na yayyenta kyau nesa ba kusa ba.

Rubutun nan ne ya fara tayar mani da hankali, tana aji uku. Ta kwafo shafi guda cur a kan sassan jiki, da Turanci, ba kuskure ko ɗaya. Na zaunar da ita a tabarma bayan la'asar, na ɗora yatsa a kan kalmar da ke nufin hanci, na yi mata alamar ta nuna mani shi a jikinta. Ta dubi kalmar, ta dube ni. Sai ta ɗauki fensir ta sake rubuta ta a ƙasa, tsaf, harafi bayan harafi, ta ɗago kai tana murmushi tana jiran in yaba. Na gwada ido, na gwada hannu, duk haka. Ɗiyata ta shekara takwas ba ta san cewa waɗannan zane-zanen suna nuni da wani abu a duniya ba. A wurinta makaranta ita ce ka ga abu a allo ka mayar da shi cikin littafi.

Na roƙi shugabar makarantar ta bar ni in zauna a bayan aji wata safiya, ta amince ba musu. Duk uwar da ke cikin irin wasiwasin nan, ina ba ta shawarar ta yi haka kafin komai, don takardar sakamako ba za ta gaya mata abin da idonta zai gani ba. Malamar tana rubutu a allo, ta ba yara baya, tana bayani. Bayanin nan duk ya wuce Ummi. Aka zo maimaitawa da baki, yara suka ɗauka gaba ɗaya, sai na ga ita ma tana motsa leɓe, tana satar kallon ta kusa da ita don ta san lokacin tsayawa. Da aka yi shifta ta leƙa littafin maƙwabciyarta. Da malamar ta yi wata magana aji ya fashe da dariya, ita ma ta yi dariya, bayan kowa ya fara. Lokacin tara kuwa ta shiga 'yar gala-gala, kuma ta iya, amma da gardama ta tashi a kan wa ya taka layi sai ta ja gefe ta tsaya har aka gama.

Da aka tashi malamar ta ce mani, “Maman Ummi, wallahi ba ta da matsala. Duk ajin nan ba wanda ya kai ta natsuwa.” Da zuciya ɗaya ta faɗa. Yara sun fi arba'in a gabanta, kuma ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake karantar da kurma.

Mutane da yawa sun ɗauka kurma yana karanta leɓe kamar yadda muke karanta takarda. Ku tsaya gaban madubi ku ce “baba”, ku ce “mama”, ba tare da murya ba, za ku ga motsi ɗaya ne. Su k da ƙ da g can cikin baki ake yin su, ido ba ya ganinsu. Karin sautin da ke bambanta kalmomin Hausa shi ma ba ya fitowa a leɓe. Wanda ya kurumce da girmansa yana cike gurbin da harshen da ya riga ya sani. Yarinyar da ji ya ɗauke mata tana shekara biyu da me za ta cike? Balle a ce Turanci, wanda ko sau ɗaya bai taɓa shiga kunnenta ba.

A gida muna da 'yan alamunmu: abinci, ruwa, barci, zo, bari. Sun ishe mu aike, ba su isa hira ba. Kuma Ummi ta fara zafin rai, tana jifa da kaya, tana cizon ƙanenta, har maƙwabta suna cewa ai dama kurame haka suke da zuciya. Ban yarda da wannan maganar ba ko kaɗan. Duk wanda abu ke cinsa a rai shekara da shekaru ba shi da hanyar faɗa, dole ya fito ta wani wuri.

Na kai wa maigidana maganar, muka zauna muka baje abin da ke gabanmu. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba su damar karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da irin waɗannan yara. Da wannan a raina na zagaya wasu makarantu a cikin gari, na gwamnati da na kuɗi, ina tambaya ɗaya: akwai malamin da ya iya maganar hannu? Inda na leƙa dai ban dace ba. Ana horar da irin malaman nan a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Jos, amma ba su kai yawan da za a ce kowace unguwa ta samu ba. A cikin birnin Katsina akwai makarantar makafi. Ta kurame ta gwamnatin jiha kuwa tana Malumfashi. Sai kuma ta Tudun Maliki a Kano, inda ƙanwar maigidana ke aure, ta ce a kawo mata ita riƙo. Mun gode mata ƙwarai, amma gidanta ba wanda ya iya ko alamun da muke yi, ga nata yaran ƙanana. Wannan muka ajiye shi tun da wuri.

Saura Malumfashi, wato kwana a can, nesa da mu. Nan ne maganar ta tsaya cak, don Ummi sunan mahaifiyar maigidana ta ci, kuma tun tana jaririya a ɗakin Hajiya take wuni. Ranar da ya gaya mata, ta sa aka kira ni.

“Ke 'yar nan, mi nike ji haka? Takwarar tawa za ku ɗauka ku kai uwa duniya? Ɗiya mace, wadda ko an zalunce ta ba ta iya hwaɗi? Kun manta Ƙanƙara?”

Ba wanda ya manta Ƙanƙara a jihar nan. A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta kimiyya suka kwashi yara maza fiye da 300, kuma Ƙanƙara maƙwabciyar Malumfashi ce. Na durƙusa na ce, “Hajiya, gaskiyarki ne. Ni ma abin da ke hana ni barci ke nan.” Ban ƙara komai ba a ranar. Amma maganarta ta biyu ta bi ni har ɗaki. Ko an zalunce ta ba ta iya faɗi. To ai a nan cikin unguwa ma ba ta iya faɗi. Ana aikenta shago, tana bin lungu zuwa makaranta, tana shiga gidajen maƙwabta. Zamanta kusa da mu bai ba ta bakin kai ƙara ba. Abin da Hajiya ke tsoro shi ne ainihin dalilin da ya sa yarinyar nan take buƙatar harshe, kuma da gaggawa.

Wata 'yar'uwata ce ta haɗa ni da Malama Binta, wata tela a wajen Ƙofar Ƙaura, kurma ce tun tana ƙarama, kuma a Malumfashi ta yi karatu. Na same ta a kan keken ɗinki, ga littafin awon masu kawo ɗinki ta rubuta komai da hannunta, ga waya tana amsa saƙonni. Babban ɗanta, mai ji, shi ya yi mana tafinta. Na tambaye ta ko ta ji haushin iyayenta da suka kai ta makarantar kwana. Hannuwanta suka yi ta tafiya, yaron yana bi. Ta ce ta yi kuka sosai da farko. Amma a gida, in ji ta, ana ba ta abinci, ana yi mata sutura, ana sonta, sai dai ba ta san kwanaki suna da suna ba, ba ta san dalilin da ya sa wata rana kowa ke sa sababbin kaya a yanka rago ba. A makaranta ta san waɗannan, kuma yawanci daga yara 'yan'uwanta, da dare a ɗakin kwana.

Ita ce ta fahimtar da ni cewa maganar hannu iri biyu ce a wajenmu. Akwai ta gargajiya wadda kuramen ƙasar Hausa ke yi a tsakaninsu tun kaka da kakanni, a kasuwa da majalisa. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne. Wani baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma, mai suna Andrew Foster, ya buɗe makarantun kurame a Afirka ta Yamma, ciki har da ta Ibadan a 1960, daga nan salon ya bazu a makarantun Najeriya. Ita tana yin duka biyun, tana sauyawa gwargwadon wanda take magana da shi.

Muka yi shawara da maigidana, muka kai wa Hajiya matsaya: Ummi ba za ta je ko'ina ba sai ta iya gaya mana da hannunta inda ke mata ciwo, da wanda ya taɓa ta, da abin da ya faru jiya, sai ta iya cewa “ba na so” a gane. Kafin nan za ta ci gaba da zuwa tsohuwar makarantarta da safe, Malama Binta kuma ta riƙa zuwa gida da yamma muna biyanta. Sharaɗin Malama guda ne, ba za ta koya wa yarinya ita kaɗai ba, sai duk gidan sun zauna. Hajiya ta ce wannan ta yarda, don a ganinta maganar tafiya ta mutu ke nan.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kamar ƙasar da ta shekara tana jiran ruwan fari, haka yarinyar nan ta riƙa shanye duk abin da aka zuba mata. Ranar da ta gane cewa kowane abu yana da alamarsa, ta ja Malama Binta da hannu ta zagaya da ita gidan nan kaf: randa, turmi, akuya, igiyar shanya, buta. Daga baya aka haɗa mata alama da harufan yatsu da rubutu, sai shafukan da ta daɗe tana kwafa suka fara yi mata magana. Jifa da cizo suka ragu da kansu. Yayyenta sun riga mu iyawa, babansu ne na baya, amma bai fasa zama ba ko ya dawo kasuwa a gajiye.

Wata rana da daddare muna ɗakin Hajiya, Ummi ta nuna hoton marigayi Alhaji da ke jikin bango, kakanta, wanda ya rasu tana shekara shida. Ta yi alamar tafiya, ta yi alamar mota, sannan ta tambaya: yaushe zai dawo? Ashe duk tsawon lokacin nan jiransa take. Ta ga taron mutane a gidan, ta ga ana kuka, ba wanda ya iya gaya mata abin da ya faru, mu kuma muka ɗauka ta gane. Yayarta ce ta yi mata bayani da hannu. Ummi ta yi kukan mutuwar kakanta a daren nan, Hajiya ta rungume ta suna yi tare. Da safe Hajiya ta kira ɗanta ta ce, “Ku tahi ku gano makarantar nan. Ban ce na yarda ba, ku dai gano.”

Wani zai ce tunda darasin gida yana aiki, me ya sa ba a tsaya nan ba? Mun auna wannan sosai. Malama Binta ba malamar lissafi ko kimiyya ba ce, ita da kanta ta faɗa. Safiyar Ummi kuma tana tafiya a banza, ga kuɗin makaranta, ga na darasi, a lokacin da cire tallafin man fetur na 2023 ya sa komai ya yi tashin gwauron zabi. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne Ummi ba ta da tsara ko ɗaya da za ta yi hira da ita. Yaro ba ya koyon harshe daga manya kaɗai, yana buƙatar wanda za su yi faɗa su shirya, su yi gulma, su ƙirƙiri wasa.

Muka kama hanya da sassafe, ta Charanci da Kankiya, muka karya a Gidan Mutum Ɗaya, da Ummi da Malama Binta. Na tafi da tambayoyina a rubuce: wa ke kwana da 'yan mata, me ake yi in yaro ya kwanta ciwo, ta yaya za a same mu, yaushe ake ziyara, ana tsayar da salla, wane aji za a sa ta. An amsa mana a natse. Batun hanya da tsaron yanki kuwa ba abin da wani shugaban makaranta zai ɗaukar maka alkawari a kai ba ne, kuma ba mu nemi a ɗauka ba.

Muna ofis Ummi ta zame ta fita. Na same ta a bakin baranda ta ƙame. Fili cike da yara, hannuwa na tashi ta ko'ina, wasu na gardama, wasu na ba da labari har da kwaikwayo, wata malama na tsawatar wa wani yaro da hannu daga nesa. Ba ta taɓa sanin akwai yara irinta da yawa haka ba. Wasu 'yan mata suka zagaye ta, suka tambayi sunanta, ta harhaɗa shi da yatsu a hankali, hannunta na rawa. Ɗaya daga cikinsu ta dube ta da kyau, ta sa yatsa ta taɓa kumatunta na dama inda Ummi ke da ɗan tabo, sauran suka maimaita. Malama Binta ta rubuta mani a waya cewa sun raɗa mata suna ke nan, haka kurame ke yi wa wanda ya shigo cikinsu. Da lokacin tafiya ya yi sai da aka janye ta.

Abu biyu suka ƙarasa mana shawarar. Na farko, ɗiyar ƙanen babana tana aure a cikin garin Malumfashi, ta ɗauki nauyin leƙa ta, da karɓarta in wani abu ya taso, da haɗa mu kiran bidiyo ta WhatsApp, wanda ga kurma shi ne waya. Na biyu, mun tambayi Ummi kanta, tunda yanzu ana iya tambayarta. Mun gaya mata can za ta riƙa kwana, ba Umma, ba Hajiya. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko za mu zo. Muka ce za mu zo. Ta ce tana so. Muka yi istihara, Hajiya ta sa albarka tana hawaye, da sharaɗin duk ranar da hanya ta ɓaci a dawo mata da takwararta, kuma a kan haka muke har yau.

Na je tsohuwar makarantar da kaina na yi musu godiya da sallama, na karɓi takardarta. A sabuwar an mayar da ita baya da aji, ba mu yi jayayya ba, ajin da ta baro suna ne kawai. Muka haɗa akwati da bokiti da gidan sauro da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Yayarta ta zana mata kwanakin zango a kwali, ta yi wa ranakun ziyara da'ira da jan biro, ta yi hoton gida a ranar hutu.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Gidan ya yi mana faɗi, ƙanenta ya daɗe yana nemanta, kuma duk labarin da ya fito daga kudancin jihar nan sai gabana ya faɗi. Ba kuma zan ce kowa ya bi sawunmu ba. Yaron da ke da sauran ji, na'ura na taimakonsa, yana iya yin kyau a makarantar unguwa in an sa shi gaba ana fuskantarsa da magana. Ɗan maƙwabtanmu da shan inna ya taɓa wa ƙafa ba shi da dalilin barin abokansa, abin da yake buƙata a gyara mashi hanyar shiga aji da ban ɗaki. Ita Ummi abin da ta rasa harshe ne da abokan yin sa, kuma a inda take babu su.

Hutun farko da ta dawo hannunta ya yi saurin da ba ma iya bi, sai tana tsayawa tana maimaita mana. Ta karanta sunan da ke jikin buhun shinkafa, ta ba mu labarin wata ƙawarta 'yar Funtuwa, ta kai ƙarar yayanta da ya ɓoye mata takalmi, da hujjojinta. Wannan ya sa muka ci gaba da darasin Malama Binta ko Ummi ba ta nan, don kada a wayi gari ta zama baƙuwa a gidansu. Yanzu ran Asabar wasu iyaye mata da ke da yara kurame suna zuwa zaurenmu muna koyo tare, Hajiya ma takan jawo kujerarta.

Abin da ya rage mana babba shi ne karatun addini. Islamiyyar unguwarmu da baki ake komai, hadda da bita, don haka ba ta da wurin zama a ciki. Ummi tana alwala tana bin sahu tun tana ƙarama, amma ta hanyar kwaikwayo. Mun yi magana da wani malamin islamiyya da ya yarda ya zauna da Malama Binta, shi ya kawo ma'ana, ita ta mayar da ita hannu. Da Fatiha za su fara a dogon hutu mai zuwa, kuma iyaye biyu daga cikin masu zuwa ran Asabar sun riga sun ce a sa da nasu yaran.